Fim Mai Sunan Aro: A Saya, Amma a Tambayi Asali



A 'yan shekarun nan wasu daga cikin samarinmu na zango sun koma kan tsofaffin kyamarorin da iyayensu suka jingine, irin waɗanda ake ɗura wa fim, a ɗauki hoto talatin da shida, sannan a wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Mafi yawansu fim na baƙi da fari suke nema, domin shi ne mutum zai iya wankewa da kansa a gida. Da yake fim ya yi tsada, kuma daga ƙasashen waje ake kawo shi nan Gana, sai hankali ya karkata ga mai sunan aro, wato fim ɗin da wata masana'anta ta yi, wani ɗan kasuwa ya saye shi da yawa, ya yi masa kwali da sunan da ya ga dama, ya sayar ƙasa da farashin manyan sunaye. An sha tambayarmu ko a saya ko a guje shi. Ra'ayinmu shi ne a saya, da sharaɗin mai saye ya san inda aka yi shi da lokacin da wa'adinsa zai ƙare. Hasara ce ta koya mana wannan, kuma za mu fara da ita.

Shekara biyu da suka wuce, Maigida, wanda muke riƙe masa alƙalami da littafin majalisa, ya ba da umarni a ɗauki hotunan dattawan unguwa a ajiye. Dalilinsa kuwa, an yi rasuwa fiye da sau ɗaya aka nemi hoton mamaci aka rasa, sai ɗan ƙaramin na fasfo, sauran sun tafi da wayar da aka sace ko wadda ta lalace. Wani yaronmu da ya koyi aikin hoto ya ba da shawarar a yi da fim, domin negetif abu ne da ake riƙewa a hannu, a sa a akwati. Aka yi karo-karo. Kuɗin da aka tara zai sayi naɗi biyar na sanannen fim, ko naɗi goma na wani mai kyakkyawan kwali da aka gani wajen wani mai sayarwa a intanet. Jakar kuɗin tana hannunmu, mu muka zaɓi goman. Da kayan suka iso, babu sunan ƙasa a jikin kwalin, babu ranar ƙarewar wa'adi, babu takardar bayani, sai suna da lamba 400. Mun gani, muka kau da kai.

Cikin waɗanda aka ɗauka akwai dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwar, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda duk tsawon rayuwarsa bai yarda ya zauna gaban kyamara ba sai da Maigida ya taka da ƙafarsa ya roƙe shi. Ya fito da farar babbar riga da rawani, ya zauna a ƙofar zaurensa. Har hana yara muka yi su ɗaga waya a wurin, don kada a dame shi. Bayan kwana uku yaron ya zo mana da negetif a hannu, jikinsa a sanyaye. Gaba ɗaya ya yi toka-toka kamar hazon hunturu, rigar ta fito fari fat ba alamar aiki, fuskar kuwa inuwa ce kawai. Ya ce, “Kawu, fim ɗin nan ya tsufa, ko kuma zafi ya dafa shi a wani sito. Kuma ban san minti nawa yake so a ruwan wanki ba, kintata na yi.” Kafin wani fim ya iso, Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Da muka kai wa Maigida labari, abin da ya ce kawai shi ne, “Malam, ka sayi biri a sama.”

A lokacin mun ɗora laifin a kan araha, muka ce ai dama araha ba ta ado. Da muka zauna muka yi tambaya wajen masu sana'ar, sai muka gane cewa mun yi wa araha ƙazafi. Abin da ya cuce mu rashin sanin asali ne, kuma ana iya haɗuwa da shi ko a kaya mai tsada.

Ga yadda sana'ar take. Fim na baƙi da fari siririyar leda ce da aka shafa wa gishirin azurfa mai jin haske, a cikin wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Shafa wannan haɗi daidai wa daida, cikin duhu, a kan shimfiɗa mai faɗi da tsawon gaske, aiki ne da yake buƙatar injuna manya da ƙwararru, shi ya sa masana'antun da suke iya yinsa a duniya ba su da yawa. Da kyamarar zamani ta karɓe kasuwa, sai suka ƙara raguwa. Kamfanin Ilford na Ingila, wanda Alfred Harman ya kafa a 1879, ya durƙushe a 2004, sai manajojinsa suka saye shi a 2005 suka ci gaba da aiki da sunan Harman Technology a garin Mobberley. AgfaPhoto na Jamus ya karye a 2005. Masana'antar Forte ta ƙasar Hungari ta rufe a 2007, ta Fotokemika mai yin fim ɗin Efke a Kuroshiya ta bi sahu a 2012, shekarar da Kodak kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Amurka. Amma in ka duba kasuwa a yau za ka ga sunayen fim birjik, sun ninka yawan masana'antun sau da yawa. Ma'anar wannan a fili take: da yawa daga cikin sunayen nan uwa ɗaya ta haife su, a wajen yanka da sa kwali suka rabu.

Sai dai sunan aro iri-iri ne, kuma wajibi ne mai saye ya bambance su. Na farko shi ne wanda masana'anta da kanta take sa wa kayanta masu sauƙin kuɗi. Misalinsa Kentmere, sunan wani tsohon kamfani da Harman ya saya a 2007, yanzu yake fitar da fim mai araha da shi daga masana'antar da take yin Ilford. Nan babu ɓoye-ɓoye, mai gida ne ya buɗe ƙaramin shago kusa da babban.

Na biyu shi ne wanda babban kanti yake saya sabo daga masana'anta ya sa masa sunansa. Kantin Freestyle na birnin Los Anjeles yana sayar da Arista EDU Ultra, musamman ga ɗalibai, kuma sananne ne a wurin masu hoto cewa kamfanin Foma ne yake yinsa, wanda aka kafa a 1921 a garin Hradec Králové na Jamhuriyar Cek. Sunan ƙasar yana rubuce a jikin kwalin, lambobinsa kuma 100 da 200 da 400 ne, daidai da na Fomapan. Wanda ya san haka ya san abin da ya saya, zai kuma iya bin takardar bayanin Foma wajen wanki.

Na uku shi ne fim ɗin da aka yi don wani aiki dabam aka yanka shi don kyamarar hannu. Rollei kamfanin ƙera kyamara ne na Jamus, shi ne mai Rolleiflex da tsofaffin masu hoton Afirka ta Yamma suka sani. Fim ɗin da ake sayarwa da sunan Rollei Retro kuwa wani kamfanin Jamus mai suna Maco ne yake kasuwancinsa, kuma asalin 80S da 400S fim ne na ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama, wanda Agfa-Gevaert ta yi a Beljiyam. Fim ne mai kyau a wurin wanda ya san halinsa, amma yana tsananta bambancin fari da baƙi, kuma ledarsa tana jan haske ta baki, dole a ɗura shi a inuwa.

Na huɗu shi ne sunan da ya rayu bayan mutuwar mai shi. Bayan karyewar AgfaPhoto an ɗauki shekaru ana sayar da ragowar fim ɗin APX da aka yi a Leverkusen. Da ya ƙare, sunan ya ci gaba a kan wani fim dabam da wata masana'anta take yi, mai nasa lokacin wanki. Wanda ya saba da APX na da, ya wanke na yanzu da tsohon lissafi, zai iya ganin abin da bai yi zato ba. Hausawa sun ce suna linzami, amma a wannan kasuwa linzamin yana iya komawa bakin wani doki.

Bayan waɗannan huɗu akwai wanda muka saya, marar ƙasa, marar wa'adi, marar takarda. Shi kaɗai muke cewa a guje shi ko da kyauta aka bayar, in dai hoton da za a ɗauka ba mai maimaituwa ba ne.

Mai karatu zai iya cewa, in dai hoto ya fito, ina ruwana da wanda ya yi fim? Amsa ita ce fitowar hoton kanta a kan wannan sani ta rataya. Kowane fim yana da mintocin da yake so a ruwan wanki, kuma lissafin yana canzawa da irin ruwan, ko D-76 ne ko Rodinal ko waninsu, yawanci a ma'aunin zafi 20. Ruwan famfonmu ya fi haka ɗumi, sai an sanyaya shi da ƙanƙara ko an rage mintoci. Lambar da take jikin kwali ma ba kullum take faɗin gaskiyar ƙarfin fim ba. Da yawa daga masu aiki da Fomapan 400 suna ɗaukarsa a matsayin 200 ko 250, su ƙara masa haske, domin a haka yake fitar da abin da yake cikin inuwa. Sun kuma san fuskarsa tana da laushi in ta jiƙe, ƙaramin sakaci sai ta karce. Duk wannan ilimi yana da amfani ga wanda ya sayi Arista, amma sai in ya san cewa ɗan gidan Foma ne.

Mu kuwa abin ya fi shafarmu, saboda irin hoton da muke ɗauka. Dattijo baƙin mutum cikin farar riga, a ƙarƙashin ranar ƙasarmu, yana daga cikin abubuwa mafi wuya ga fim. In aka auna haske a kan riga, fuska ta nutse. In aka auna a kan fuska, aikin allurar da yake ƙirjin riga ya goge. Maganinsa a zaunar da mutum a inuwa, a ba fim isasshen haske don fuska, a ɗan rage lokacin wanki don kada fari ya ƙone. Ba a iya wannan lissafi a kan fim ɗin da ba a san halinsa ba, kuma wanda aka yi don hoton jirgin sama zai ba da wahala a nan fiye da Kentmere ko Foma.

Akwai hujjoji biyu da ake kawo mana, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko ita ce, tunda haka ne, a bar ƙananan sunaye gaba ɗaya, a sayi Tri-X na Kodak ko HP5 na Ilford a huta. Lalle waɗannan sun fi yafe kuskuren mai ɗauka, kuma in da hali su muke so a ɗauki dattawa da su. Amma yaron da yake koyo yana buƙatar ya ɓata naɗi da yawa kafin hannunsa ya faɗa, kuma in kowane naɗi zai cinye masa kuɗin abincin kwanaki, zai ajiye kyamarar kafin ya iya. Fim mai araha shi ne allon koyo. Ban da haka, odar da kantuna suke bayarwa da sunayensu tana cikin abin da yake sa injunan ƙananan masana'antu su ci gaba da juyawa, ranar da suka tsaya kuwa zaɓi zai ragu ga kowa.

Hujja ta biyu daga ɓangaren 'yan kasuwa take. Sukan ce yarjejeniyar da suka yi da masana'anta ta hana su faɗin sunanta, kuma rufe sirrin ciniki ba ha'inci ba ne. Mun yarda. Mu jikokin fatake ne, mun san ba a tilasta wa ɗan kasuwa ya nuna inda yake saro kaya. Amma abin da muka karanta a babin ciniki tun muna gaban malamai shi ne a san abin da ake saye, kuma mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Ɓoye sunan masana'anta dabam, ɓoye cewa fim ya kwana shekaru a sito dabam. Wanda ba zai faɗi sunan masana'anta ba, to ya rubuta ƙasa, ya rubuta wa'adi da lambar rukunin da aka yi fim ɗin a ciki, ya ba da mintocin wanki, in kuma ya canza abin da yake cikin kwali ya sanar. Wanda ya cika waɗannan ya fita haƙƙin mai saye. Tsohon fim ma halal ne a sayar da shi, akwai masu sonsa don wasa da gwaji, muddin an ce tsoho ne.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan darasi a kasuwar atamfa. In aka miƙa wa mace turmi aka ce ɗan Holan ne, ko GTP na Tema, ko na Akosombo, ba ta tsayawa kan takardar da aka manna. Takan buɗe ta duba rubutun bakin zane, ta juya bayansa, ta murza shi a hannu. Tana sayen mai araha da saninta don zaman gida, ta ajiye mai tsada don biki, kuma ba ta jin an cuce ta, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba ta yafewa shi ne a ba ta wani a ce wani ne. Fim ma yana da bakin zane: bayan wanki akan ga rubutu da lambobi a gefensa, waɗanda sukan taimaka wajen gane gidan da ya fito.

Saboda haka ga abin da muka tsayar wa kanmu a majalisa, muke kuma ba samarinmu shawara da shi. Kafin a biya kuɗi a nemi hoton kwalin ta kowane gefe, a ga ƙasa da wa'adi. In kaya sun iso, a ɗauki naɗi ɗaya a gwada shi a kan abin da ba a jin hasararsa, mutum mai farar riga a inuwa da kuma a rana, a wanke, a rubuta mintoci da zafin ruwa a littafi. In ya yi kyau, a sayi sauran daga rukuni guda. A ajiye fim cikin leda mai rufi a firji, a bar shi ya huce kafin a buɗe, domin zafi da danshi su ne manyan abokan gabarsa a ƙasarmu. In ɗan'uwa ne zai zo da shi ta jirgi, kada ya sa shi a jakar da ake aunawa, ya riƙe a hannu ya roƙi a duba shi da ido, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna iya ɓata fim. Masu son rage kuɗi da gaske su haɗa hannu su sayi babban naɗi mai tsawon mita 30.5 na sanannen fim mai araha, wanda yake ba da kimanin ƙananan naɗi 18. Hoton da ba zai maimaitu ba kuwa a ɗauke shi da fim ɗin da aka gwada, a kuma ƙara da waya.

Wani zai ga duk wannan wahala ce a kan abin da zamani ya wuce. Mu dubi maƙwabta. Seydou Keïta ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ya adana negetif ɗinsa da kyau, shekaru da dama bayan haka aka buga su aka rataya a manyan gidajen nuni na duniya. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a 2007. A nan Gana, James Barnor ya buɗe shagon Ever Young a Jamestown a farkon shekarun 1950, kuma a 2021 aka yi babban nunin aikinsa a Landan. Fuskokin mutanen da suka zauna gabansu suna nan daram, domin negetif ɗin da aka ɗauka daidai, aka wanke shi sosai, aka tsare shi daga danshi da gara, yana iya wuce shekarun mai shi da na 'ya'yansa. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar da aka haife mu, tarihinmu ya fi yawa a bakin dattawa, in ba mu ajiye fuskokinsu ba babu wanda zai ajiye mana.

Bana mun sake aikin. Mun sayi fim mai sunan aro, mai araha, wanda ƙasarsa da wa'adinsa suke rubuce a kwali, yaron ya gwada naɗi biyu kafin ya tunkari kowa. Hotuna sun fito, har zaren aikin riga ana ƙirgawa. Suna cikin akwatin majalisa, kowanne da suna da ranar ɗauka a bayansa. Ambulan ɗaya ce a cikinsu muka rubuta wa suna alhali abin da yake ciki hazo ne, kuma mun bar ta a sama, domin ita muke fara gani duk lokacin da aka zo neman kuɗin sayen fim.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'ar yaranmu. Wassalam.